Albashi Ko Gari: Abubuwan Da Ya Kamata Ma'aikaci Ya Auna Kafin Ya Ɗaure Kaya

A ranar 12 ga watan Disamba na shekarar 1991 ne aka ɗauke fadar Gwamnatin Tarayya daga Legas aka mayar da ita Abuja, dubban ma'aikata kuma suka kwashi iyalinsu suka bi bayanta. Waɗancan ma'aikata ba a nemi shawararsu ba, umurni ne ya zo suka bi. Amma a yau akan sami ƙwararren ma'aikaci, watau kamar akanta ko injiniya ko likita ko jami'in banki, wanda takardun tayin aiki biyu ko uku za su iso masa a cikin wata guda, ɗaya daga Legas, ɗaya daga Abuja, wata kuma daga Kano ko Fatakwal. A nan zaɓi ya koma hannunsa, kuma idan ya yi kuskure babu wanda zai ɗora wa laifi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a jera takardun a duba wadda adadinta ya fi tsoka, a ce ita ce. Wannan darasi zai nuna cewa wanda ya karɓi aiki a wani gari ya karɓi garin ne gaba ɗaya, da hayarsa da hanyoyinsa da kasuwarsa da nisansa daga gida. Maganar ta shafi mai neman aiki, ta kuma shafi ɗan kasuwa ko mai kamfani da ke son ɗauko ƙwararre daga wani gari, ko kuwa tura yaronsa ya riƙe masa reshe a can.

ABIN DA KE SHIGA ALJIHU

Mataki na farko shi ne a rarrabe tsakanin albashin da aka rubuta a takarda da kuɗin da zai shiga asusun mutum a ƙarshen wata. Wani kamfani yakan rubuta jimlar shekara, ya cusa alawus na hutu da kyautar ƙarshen shekara da kuɗin asibiti a ciki, har ma da kason fansho da shi kamfanin zai biya, domin adadin ya cika ido. Wani kuma tsurar albashin wata yake rubutawa. Lalle ne a mayar da su duka bisa ma'auni ɗaya, watau abin da ya rage a wata bayan an cire haraji da fansho.

Dokar fansho ta shekarar 2014 ta tanadi cewa ma'aikaci zai riƙa zuba aƙalla kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya zuba aƙalla kashi 10 cikin 100, a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin. Wannan asusu yana bin mutum duk inda ya koma, saboda haka sauya gari ba ya taɓa shi. Abin tambaya shi ne ko kamfanin yana zuba kuɗin a kan lokaci, kuma ma'aikatansa na yanzu ne za su iya ba da wannan amsa.

Game da harajin albashi kuwa, ma'auninsa ɗaya ne a duk faɗin Tarayya, sai dai jihar da mutum yake zaune a cikinta ita ke da haƙƙin karɓa, ko da a wata jiha yake aiki. Mai aiki a Abuja da ke kwana a Mararaba, Jihar Nasarawa ce ke da harajinsa. Mai aiki a Ikeja da ke kwana a Mowe ko Ibafo, na Jihar Ogun ne. Yana da kyau a gyara wannan tun farko, domin ranar da mutum zai nemi takardar shaidar biyan haraji. Haka kuma sabuwar dokar haraji da aka sanya wa hannu a watan Yuni na 2025, wadda aka tsara fara aiki da ita a watan Janairu na 2026, ta yafe haraji a kan Naira 800,000 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara, ta kuma ba ɗan haya rangwamen kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayarsa, muddin bai wuce Naira 500,000 ba. Ke nan rasit ɗin haya ya zama takardar da ake adanawa.

HAYA DA SUFURI: DANJUMA NE DA DANJUMMAI

Bayan an san abin da ke shigowa, sai a duba manyan ƙofofin da yake fita, kuma babu kamar haya da sufuri. Ba a lissafa ɗaya a bar ɗaya, domin duk abin da mutum ya rage a haya ta hanyar zama a bayan gari, yakan biya shi a kuɗin mota da lokaci.

Abuja ta isa misali. Ofisoshi suna tsakiyar birni da Garki da Wuse da Maitama, amma akasarin ma'aikata suna kwana ne a Kubwa da Lugbe da Nyanya da Karu da Gwagwalada, wasu ma a Mararaba da Masaka cikin Jihar Nasarawa, ko Suleja cikin Jihar Neja. Tun da gwamnati ta mayar da gidajen ma'aikata da motocinsu zuwa alawus na kuɗi a shekarar 2003, aka kuma shiga sayar da gidajen gwamnati bayan haka, sabon ma'aikaci a Abuja shi ke nema wa kansa wurin kwana. Duk wanda ya ga hanyar Nyanya da Mararaba da sanyin safiya ya san farashin arahar hayar can.

A Legas ma haka zancen yake, har ya fi. Manyan bankuna da kamfanoni suna Victoria Island da Ikoyi da Lekki da Marina, masu matsakaicin albashi kuma suna Agege da Ikorodu da Egbeda da makamantansu, suna bi ta gadar nan ta Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12 ko wasu hanyoyin da ba su fi ta sauƙi ba. Motocin BRT da aka fara a 2008, da jirgin ƙasa na cikin gari da ya soma ɗaukar fasinja a 2023, sun rage wahala ga waɗanda gidansu da ofishinsu ke kan layin, amma ba kowa ne ke kan layin ba. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce a wace unguwa ofishin yake, kuma daga wace unguwa albashin zai iya kama gida. Idan mutum yana ɓata awa 4 kullum a hanya, a kwana 22 na aiki ya ɓata awa 88, daidai da kwanakin aiki 11 da babu mai biyansa.

Kuɗin mota kuwa ya sauya lissafin kowa tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024. Daga lokacin, kamfanin da ke da motar ɗaukar ma'aikata, ko wanda ya yarda a yi aikin kwana biyu a mako daga gida, ya ƙara wa ma'aikacinsa albashi ke nan ko da bai rubuta a takarda ba.

Sa'an nan akwai kuɗin shiga gida, wanda a dunƙule ake biyansa. Mai gida zai nemi hayar shekara, wani ma ta shekara biyu, ga la'adar dillali, ga kuɗin lauya, ga kuɗin ajiya saboda ɓarna. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana a karɓi fiye da hayar shekara guda daga sabon ɗan haya, amma ta keɓe Apapa da Ikoyi da Victoria Island da unguwar GRA ta Ikeja. Wanda ba shi da wannan dunƙulen kuɗi a hannu, da bashi zai fara sabon aikinsa, sai fa idan kamfanin ya yarda ya ba shi rance ko kuɗin ƙaura.

Wutar lantarki ma ta zama abin tambaya unguwa-unguwa. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ɗaga farashi ga masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wuta ta aƙalla awa 20 a rana, zuwa Naira 225 kowane ma'auni, watau ninki uku da ɗoriya. Unguwar da ke da wuta tana da tsadar bil, wadda ba ta da ita kuma tana da tsadar man janareta. Ruwa ma haka: a san ko na famfo ne, ko rijiyar burtsatse, ko kuwa sai an saya wurin 'yan garuwa.

MISALI NA LISSAFI

A ɗauka, domin koyon lissafin kawai, akwai wani akanta mazaunin Kano mai mata da 'ya'ya uku, an yi masa tayi uku. Bayan cire haraji da fansho, na Legas zai ba shi Naira 900,000 a wata, na Abuja Naira 750,000, na Kano kuma Naira 550,000. Ya bincika ya kuma rubuta abin da zai kashe a wata kamar haka:

Legas: haya 250,000, sufuri 130,000, abinci 230,000, makarantar yara 90,000, wuta da ruwa 60,000, tanadin zuwa gida 50,000. Jimla 810,000. Saura 90,000.

Abuja: haya 200,000, sufuri 100,000, abinci 200,000, makarantar yara 80,000, wuta da ruwa 50,000, tanadin zuwa gida 20,000. Jimla 650,000. Saura 100,000.

Kano: haya 80,000, sufuri 50,000, abinci 170,000, makarantar yara 60,000, wuta da ruwa 45,000, babu kuɗin zuwa gida. Jimla 405,000. Saura 145,000.

A wannan misali, albashin da ya fi kowanne ƙanƙanta shi ne ya fi barin saura. Amma darasin bai ƙare a nan ba. Da a ce kamfanin Legas zai ba da gida, saurarsa za ta tashi daga 90,000 zuwa 340,000, lissafin ya juye gaba ɗaya. Da a ce kuma mai tayin saurayi ne da zai raɓa da ɗan'uwansa a Agege, babu haya mai nauyi babu kuɗin makaranta, nan ma Legas ce za ta yi rinjaye. Bugu da ƙari, kashi 18 cikin 100 da ke shiga asusun fansho ya fi yawa a babban albashi, kuma wannan ma dukiyar ma'aikaci ce ko da yake ba yau zai taɓa ta ba. Abin nufi shi ne kowa ya zuba nasa alƙaluman, waɗanda ya samo daga bakin mazauna garin, domin amsar wani ba ta zama amsar wani.

Akwai hujja ta hukuma da ke nuna bambancin tsadar garuruwa. Da aka mayar da mafi ƙarancin albashi na ƙasa Naira 70,000 a watan Yuli na 2024, Jihohin Legas da Ribas sun sanar da Naira 85,000, Kaduna ta sanar da Naira 72,000, Kano kuma Naira 71,000. Haka kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da rahoton hauhawar farashi kowane wata, jiha-jiha, har da farashin kayan abinci da kuɗin mota. A watan Disamba na 2024 rahoton ya nuna hauhawar kashi 34.8 cikin 100 a ƙasa baki ɗaya, kafin a sauya ma'aunin lissafin a farkon 2025. Albashin da ba a duba shi duk shekara, a irin wannan yanayi raguwa yake yi, don haka a tambayi yadda kamfani ke yin ƙarin albashi da lokacin da ya yi na ƙarshe.

IDAN AIKIN YA ƘARE FA?

Wannan ita ce tambayar da ba a cika son yi ba, alhali ta fi sauran nauyi. Kamfani yana iya rufewa ko ya rage ma'aikata, amma garin yana nan, ma'aikaci kuma yana ciki da iyalinsa da hayar da ya riga ya biya. Don haka a duba ko garin yana da wasu ƙofofi da mai irin wannan sana'a zai ƙwanƙwasa.

Ta wannan fuska Legas ba ta da na biyu a Nijeriya. A can ne hedkwatar akasarin bankuna da kamfanonin inshora da na sadarwa suke, da kasuwar hannun jari, da tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can, da sabuwar tashar Lekki da matatar man Dangote mai tace ganga 650,000 a rana, waɗanda aka ƙaddamar da su a 2023. Akanta ko masanin kwamfuta da ya rasa aiki a Legas yana iya samun wani ba tare da ya sauya gida ba, kuma kusanci da hedkwata yakan gaggauta ƙarin girma.

Abuja garin gwamnati ne, da ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa da kamfanonin gine-gine da 'yan kwangila. Ta dace da lauya da mai ba da shawara da duk wanda harkarsa ke bukatar kusanci da ma'aikatu, sai dai kasuwarta tana tashi tana kwanciya ne bisa yadda gwamnati ke sakin kuɗi. Fatakwal kuwa mai da iskar gas ne ƙashin bayanta, daga unguwar masana'antu ta Trans-Amadi zuwa Eleme da tashar Onne. Albashi a wannan fanni yana da kauri, amma aikin yakan bi farashin ɗanyen mai a kasuwar duniya, da yawa kuma na kwantiragi ne. Kano cibiyar ciniki ce: Kantin Kwari da Dawanau da Singa da Sabon Gari, ga masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa. Manyan ofisoshi masu biyan albashi mai kauri ba su kai na Legas yawa ba, amma ma'aikacin da ke da niyyar kafa tasa harkar wata rana, ko yake son haɗa aiki da ɗan ciniki ko noma, zai sami fili a can da jari kaɗan.

Tarihin Kaduna ya isa ishara. Tun daga 1957 da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, unguwar Kakuri ta cika da masaƙu da suka jawo dubban ma'aikata daga kowane sashe na ƙasar nan. Da masaƙun suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya, har babbarsu UNTL ta tsaya a 2007, ma'aikatan sun tarar babu wata masaƙar da za su koma, domin duk cuta ɗaya ce ta kama su. Garin da sana'ar mutum ta dogara a cikinsa kan masana'anta iri ɗaya yana bukatar a shige shi da tanadi.

Haka zalika a karanta sharaɗin sauyin wurin aiki. A farkon 2024 an sanar da mayar da wasu sassan Babban Bankin Nijeriya da hedkwatar hukumar kula da filayen jiragen sama daga Abuja zuwa Legas. Wanda ya karɓi aiki saboda gari, ya sani cewa takardar da ya sa wa hannu tana iya ba mai aikin ikon tura shi wani garin.

IYALI DA NISAN GIDA

Akwai abubuwan da ba su shiga jadawalin lissafi da sauƙi, amma su ne suka fi sa mutum ya ajiye aiki ya dawo. Na farko aikin matar gida ko sana'arta: idan malamar makaranta ce ko ma'aikaciyar jinya ko mai ciniki a cikin gida, ƙaura tana iya kashe wannan kuɗin shiga, kuma dole a cire shi daga ribar sabon albashi. Na biyu karatun yara, na boko da na Islamiyya, da lokacin da za a cire su ba tare da sun yi asarar zango ba. Na uku iyaye tsofaffi. Daga Legas zuwa Kano tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce, yini da dare a mota ko kuwa kuɗin jirgi. Daga Abuja kuwa bai kai rabin haka ba. Biki da suna da ta'aziyya da Sallah ba su jiran ƙarshen wata.

Lafiyar hanya ma abin dubawa ce. Jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ya sa ma'aikata da yawa sun bar iyalinsu a Kaduna suna zuwa duk ƙarshen mako, amma bayan harin da aka kai masa ranar 28 ga Maris, 2022, an dakatar da shi har zuwa Disamba na shekarar. Tsarin zama gida biyu yana da kyau ne muddin hanyar tana biyuwa, kuma tukunya biyu ake ɗorawa. Sai yanayin gari: ambaliya a sassan Legas da damina, yawan ruwan sama a Fatakwal da baƙin hayaƙin da mazaunanta suka yi ta kuka da shi tun daga 2016, zafin bazara da ƙurar hunturu a Kano. Mai ciwon asma ko mai ƙaramin yaro ba zai raina wannan ba.

Bahaushe dai bai cika zama baƙo a manyan garuruwan kudu ba. Akwai tsofaffin zangonni a Agege da Idi-Araba da Obalende da kasuwar Mile 12 a Legas, da Sabo a Ibadan, da sarakunan Hausawa da masallatai da mahauta da masu abinci. Waɗannan mutane su ne suka fi kowa sanin gaskiyar haya da hanya da unguwar da ta dace da mai iyali.

KAFIN A SA HANNU

Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kafin a amsa tayi, ya kamata mutum ya je garin da ƙafarsa a ranar aiki, ya kwana a unguwar da yake sa ran zama, ya bi hanyar ofis da safe ya dawo da yamma, ya shiga kasuwa ya tambayi mudu, ya leƙa makaranta da asibiti. Kuɗin wannan tafiya bai kai asarar hayar shekara ba.

Sa'an nan ya nemi a rubuta masa waɗannan a takarda: kuɗin ƙaura da masaukin makonnin farko; rancen haya da yadda za a cire shi; inshorar lafiya da adadin iyalin da ta ɗauka; tsawon lokacin gwaji da abin da zai biyo baya idan ba a tabbatar da shi ba; wa'adin sanarwa kafin sallama; da kuma ko aikin na dindindin ne ko ta hannun wani kamfanin ɗaukar ma'aikata. Mai tayi biyu a hannu yana da bakin ciniki, kuma sau da yawa kamfanin da ba zai ƙara albashi ba yakan yarda ya biya hayar shekarar farko. Hikima ce kuma mutum ya fara tafiya shi kaɗai har lokacin gwaji ya wuce, kada ya saki gidan da yake ciki ko ya sayar da filinsa tun bai ga kamun ludayin sabon wurin ba.

Ga masu kamfanoni kuwa, darasin ɗaya ne ta ɗaya gefen. Wanda ya tura ma'aikaci daga Kano zuwa reshen Legas a kan albashin Kano, ko dai ya rasa ma'aikacin cikin shekara, ko ya jefa shi cikin jarrabawar da ba ta da amfani ga dukiyar kamfani. Alawus na gari da taimakon haya sun fi arha a kan neman sabon mutum da koya masa aiki.

A taƙaice, tambayoyi huɗu ne: nawa zai rage a ƙarshen wata, awa nawa za a bari a hanya, ina za a nufa idan aikin ya ƙare, kuma me iyali za su samu ko su rasa. Matashin da ke neman gogewa yana iya jure ƙaramar saura na shekara uku ko huɗu a babban gari saboda abin da zai koya, magidanci mai 'ya'ya a makaranta da iyaye a gida kuma yana da hujjar fifita kusa. Wanda ya amsa tambayoyin nan huɗu da alƙalami da takarda, ya yi shawara da iyalinsa da waɗanda suka riga shi zama a garin, sa'an nan ya nemi zaɓin Allah, to ya yi abin da ke wuyansa.